Abin Da Na Gani Wajen Ainawan Japan, Da Abin Da Nake Jiye Wa Kogin Matan Fada Na Argungu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, ko da yake wasiƙar tawa za ta ɗara waɗanda kuka saba bugawa tsawo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ake ta yi kwanan nan ta farfaɗo da yawon buɗe ido a Jihar Kebbi. Duk wanda ya tofa albarkacin bakinsa otal yake kira, da titi, da fitilu, da ƙaton filin taro. Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma har yau ban ji wanda ya tambayi abin da baƙon zai zo gani ba, da wanda zai nuna masa, da aljihun da kuɗinsa zai faɗa. Ni Bakabe ne, jikan masunta, kuma a sashen kula da kamun kifi na yi aikin gwamnati har na ajiye. Gab da ajiyewar, a kakar 2023, Allah Ya kai ni arewacin Japan wani kwas kan kula da fadamu da ruwaye. A can na ga yadda wata ƙabila da ake kira Ainu take karɓar baƙi. Abin ya burge ni, ya kuma tsorata ni.

Ainawa su ne 'yan asalin tsibirin Hokkaido, da kudancin Sakhalin da tsibiran Kuril waɗanda yanzu suke hannun Rasha. Harshensu bai haɗa dangi da Japananci ba. Kakanninsu masunta ne, mafarauta, masu tsintar abincin daji, suna ɗan noman gero, suna kuma fatauci da maƙwabta ta teku. Ƙidayar da gwamnatin Hokkaido ta yi a 2017 ta samu mutum 13,118, amma su kansu masu ƙidayar sun san adadin ya wuce haka, domin da yawa ba sa son a san asalinsu saboda gorin da iyayensu suka sha.

Kwas ɗinmu a yankin Kushiro aka yi shi, inda akwai fadama mafi girma a Japan, wadda ita ce ta farko da ƙasar ta sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya a 1980. Akwai wani farin gauraka mai jan tabo a ka da yake zaune a wannan fadama. An taɓa ɗauka ya ƙare, sai a 1924 aka tarar da 'yan ƙalilan, aka yi ta lallaɓa su har yanzu sun haura 1,000. Ina kallonsu ina tuna rabona da ganin namu gaurakan a fadamar Argungu. Daga can aka shirya mana ziyara zuwa tafkin Akan, wanda yake tsakiyar duwatsu masu aman wuta. A bakin tafkin akwai unguwar Ainawa mai mutum wajen 120, titi ɗaya ne mai ɗan hawa, hagu da dama shagunan sassaƙa. Shagunan ba su ɗaɗa ni da ƙasa ba. Abin da ya tsaya mini a rai tafiyar da muka yi a ƙafa cikin daji ce.

Jagoranmu Ba'aine ne, magidanci, ya ɗaure goshi da wani ƙyalle mai aikin zare. Da muka iso bakin daji sai ya tsaya, ya murza tafin hannuwansa a hankali, ya ɗaga su, ya yi magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Tafinta ta ce yana shaida wa masu dajin cewa ga baƙi ya kawo, ba da ɓarna suka zo ba. Bai ce kowa ya yi abin da ya yi ba. Ni na ja gefe na yi bismillata, na karanta addu'ar da na saba. Aka rataya wa kowa 'yar ƙararrawa a jaka saboda beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da ke iya kashe mutum da mari ɗaya, don ta ji tahowarmu ta kauce.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ta ci lokaci, domin ba a taku ashirin bai tsaya ba. Ya dafa wata bishiya ya ce da ɓawonta kakarsa take saƙa riga. Ana ɓare ɓawon daga ƙasa a fizgo shi sama, a jiƙa shi a ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa har ya yi laushi, a tsaga shi siriri-siriri, a murza zare, a saƙa tufar da suke kira attus. Sai ya zagaya da mu bayan bishiyar ya ce, gefe ɗaya kawai ake ɓarewa, a ɗaure sauran da igiya don kada iska ta ƙarasa kware shi. Nan take maɗatan bakin hanyarmu suka faɗo mini, waɗanda masu neman magani suka sassaƙe ta ko'ina har suka bushe a tsaye. Ya nuna mana inda wata tafarnuwar daji take fitowa in ƙanƙara ta narke. Ya ce tana shekaru kafin ta isa tsinka, saboda haka da wuƙa ake yanke ganyen a bar saiwar, kuma ba a share wuri kaf, ana rage na baɗi da na namun daji. Ya yanki wani reshe, ya fere shi da 'yar wuƙarsa har ɓawon ya nannaɗe ya zama gashi-gashi yana lilo a jikin sandar. Ya ce wannan shi ne inaw, abin da suke miƙa wa waɗanda suke bauta wa. Can gaba muka tarar da taɓo yana tafarfasa da kansa a bakin tafki, warin farar wuta ya cika wurin.

Wani abokin tafiyarmu ya tambaye shi amfanin wani tsiro. Bai yi kame-kame ba, ya ce wannan sai ya tambayi gwaggonsa, ita ce ta san na mata. Malam Edita, na sha zuwa wuraren tarihi a ƙasar nan inda za a haɗa ka da yaron da ya haddace takarda, in ka kauce daga haddar ya shiga ƙirƙira. Wannan mutumin abin gidansu yake ba da labari, kuma ya san inda saninsa ya tsaya.

A cikin tafkin akwai wani gansakuka da ke dunƙulewa ya zama ƙwallo kore shar, suna ce masa marimo, wani yakan kai santimita 30 a faɗi. An yi ta kwasarsa ana sayarwa, aikin wutar lantarki kuma ya rage ruwan tafkin, har ya kusa ƙarewa. Sai a 1950 aka ƙirƙiro biki a watan Oktoba, inda dattawan Ainawa suke shiga kwalekwale su mayar da marimo cikin ruwa da addu'o'insu. A lokacin wasu sun soki abin, suka ce kakanni ba su san shi ba. Yau ya haura shekara 70, ya zama al'ada, marimo kuma yana nan. Na kawo wannan ne don masu cewa duk abin da aka tsara saboda baƙi ƙarya ne. Namu bikin kamun kifi na Argungu ma ai a 1934 ya ɗauki siffar da muka sani, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya kamun kifi don karrama shi da kuma binne tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato.

Da muka fito daji aka kai mu wani ɗan gidan abinci a unguwar. Babban abincinsu romo ne da ake kira ohaw: kifin salmon, dankalin Turawa, wani farin tushe, busasshen ganyen daji, ciyawar teku, gishiri da ɗan man kifi. Ba barkono, ba daddawa, ba ɗanɗanon kanti. A cokalin farko na ce a raina, wannan ai ruwan zafi ne aka wanke kifi a ciki. Ina da yaji a jaka amma kunya ta hana ni fito da shi, kuma gara da ta hana, domin kafin in kai rabin kwano na fara jin zaƙin kifin kansa, abin da mu muke binnewa da kayan yaji. Naman barewarsu na ce a ɗauke mini tunda ba yanka ba ne, uwar gidan ba ta ko ɗaga gira ba ta ƙaro mini kifi. Akwai giyar gero da suke yi don bukukuwansu, wannan ko kusa da ita ban je ba. An kawo wata waina baƙa-baƙa mai danƙo. Ashe dankali ne da ake bari a gona ƙanƙara ta rufe shi, ya daskare ya narke, ya daskare ya narke, sai a tsince shi in sanyi ya wuce, a wanke, a daka, a gasa. Abin da wani zai kira ruɓaɓɓe su sun mai da shi guzuri.

A bango na ga an rataye wasu faya-fayai masu huda a tsakiya, na ɗauka ado ne. Uwar gidan ta ce abinci ne. Akwai wata albasar daji da suke kira turep, ana haƙo ta a daka, a tace. Garin farko mai laushi ajiye shi ake yi don ciwon ciki, tuƙar kuma a rufe ta da ganye ta yi tsami, a mulmula, a busar, ta shekara ba ta lalace ba. In yunwa ta zo a ɓantara a jiƙa a dama kunu. Kakata ta sha ba mu labarin shekarun da bado ya ceci mutanen fadama, a ci 'ya'yansa a ci tushensa. Yau ka tara yaran unguwarmu ka tambaye su yadda ake sarrafa bado, sai dai su dube ka. Matar nan kuwa da abincin yunwar kakanninta take karɓar baƙi daga Turai da Amurka, tana ba da labarinsa kai a ɗage, ana biyanta.

Shi kifin salmon a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya shekara uku ko huɗu, sannan ya dawo kogin da aka haife shi da kaka ya zuba ƙwai ya mutu. Ainawa sukan ɗebi na ci daga masu tahowa, amma na ajiya sai waɗanda suka riga suka zuba ƙwai. Dabara biyu ce a nan: ba a yanke iri ba, kuma kifin da ya zubar ba shi da maiƙo, in an busar ba ya ɓaci. Fatarsa ma takalmi suke ɗinkawa da ita. Wannan darasi ne da na shekara ina koyarwa da allo da alli a garuruwan masunta, ga wasu sun daɗe da saka shi cikin addininsu.

Maganar addinin kuwa, ga yadda aka bayyana mana. Su a wurinsu duk abin da ke amfanar mutum ko ya fi ƙarfinsa yana da ruhi da suke kira kamuy: wuta, ruwa, beyar, mujiya, kifi, har kwalekwale da turmi. Suna cewa waɗannan a duniyarsu siffar mutane gare su, in za su ziyarci mutane sai su yafa rigar dabba, su kawo nama da fata a matsayin tsaraba. Wanda ya karɓa da ladabi, ya sallami baƙon da kyauta, za a sake zuwar masa. Wanda ya wulaƙanta, a ƙaurace masa, yunwa ta biyo baya. Daga nan babban bikinsu na iyomante ya samo asali, inda ake renon ɗan beyar a gida shekara ɗaya ko biyu, sannan a kashe shi da biki a ce an mayar da shi gida. Wutar murhu tsohuwa ce a wurinsu, ita ke isar da saƙo. Babbar mujiya mai cin kifi ita ce mai gadin gari, mu kuwa ka san yadda muke ɗaukar mujiya. A ɗakinsu na gargajiya akwai taga ta ƙuryar ɗaki da ba a leƙawa daga waje, jagora ya gargaɗe mu tun kafin mu matsa. Kuma ba a wanki ko zubar da ƙazanta a kogi.

Wannan ba aƙidarmu ba ce, Allah Ya tsare mana imaninmu. Da na dawo ina ba da labari a zauren gidanmu, wani ɗan ƙanena da ke karatun addini ya ce, "Baba, ai wannan shirka ce tsagwaronta, me za a koya a wurinsu?" Kafin in buɗe baki kawuna, tsohon masunci da idonsa ya fara rauni, ya riga ni. Ya ce, "Kai yaro, bari ubanka shi ƙare magana. Mu da munka san ruwa na da masu shi, wa ka iya zuba gubar gamalin cikin gulbi don kashe kifi? Ku da kunka ce babu kowa ciki, mi kunka bari?" Yaron ya yi shiru, ni ma haka.

Ba ina kiran a koma yanka wa ruwa ba ne. Wannan hurumin malamai ne, kuma sun yi bayani. Abin da nake cewa shi ne, tsohon tsarin gyaran ruwa da fashin ruwa, wato al'adun da ake yi kafin a buɗe kamun kifi, ya zo da dokoki a cikinsa. Akwai lokacin da ake rufe ruwa, akwai gurbin da ba a taɓawa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, akwai kifin da in ya shiga homa ake mayarwa don ƙanƙantarsa. Da muka yar da tsoron iskoki, wanda ya kamata mu yar, sai muka haɗa da dokokin muka zubar, ba mu kuwa maye gurbinsu da tsoron Allah ba. Alhali addininmu ya hana almubazzaranci da ruwa ko mutum yana alwala a bakin kogi, ya hana ɓarna a bayan ƙasa. Yau da gidan sauro ake tace 'ya'yan kifi. Na kama masu yin haka da hannuna, kuma yawancinsu ba sa rasa jam'i.

Yanzu ga abin da ya tsorata ni. A 1869 gwamnatin Japan ta haɗe tsibirin ta sa masa suna Hokkaido, ta buɗe shi ga manoma daga kudu. A 1871 aka hana matan Ainawa zanen baki da suka gada. Cikin shekarun da suka biyo baya aka hana su farauta da kibiya mai dafi, aka hana su kamun salmon a kogi, mutanen da kifi ne tuwonsu. Yunwa ta kashe da dama. A 1899 aka yi dokar da ta kira su "tsofaffin 'yan ƙasa", aka tura su noma a ƙasar da ba ta da kyau, aka sa 'ya'yansu makarantun da Japananci kawai ake yi. Wannan doka ba a soke ta ba sai 1997. A 2009 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa harshensu cikin waɗanda ke bakin kabari, a shekarar kuma ta sa rawarsu cikin kayan gadon duniya. Sai a 2019 doka ta amince cewa su 'yan asalin ƙasa ne.

A Nibutani, bakin kogin Saru, an gina madatsar ruwa a kan gonakinsu da wuraren da suke girmamawa. Kayano Shigeru, wanda a 1994 ya zama Ba'aine na farko a majalisar dokokin Japan, yana cikin mutum biyun da suka ƙi ba da gonakinsu suka kai ƙara. A 1997 kotun Sapporo ta ce ƙwace filin ya saɓa doka, amma tunda an riga an gama gini, madatsar ta zauna. A 2020 gwamnati ta buɗe katafaren gidan tarihi da filin al'adun Ainu a Shiraoi mai suna Upopoy. Na je, na ga rawa, na ji wata 'yar gora da ake kaɗawa a baki da zare, na ga matasa suna koyon harshen kakanninsu, kuma ba zan rage wa wurin daraja ba. A gefensa akwai ginin da aka tara ƙasusuwan Ainawa waɗanda masu bincike na jami'o'i suka tono daga kaburbura a da.

Amma Ba'ainen da ya yi wa baƙi rawa da rana, in ya sa ƙugiya a kogi da yamma ya kamo salmon ɗaya don iyalinsa, ya karya doka. In don biki ne, sai ya nemi izini a rubuce daga hukuma. Manyan masu tarun teku kuwa suna kwasa da lasisi. A shekarar da aka buɗe Upopoy wata ƙungiyar Ainawa ta garin Urahoro ta kai ƙara tana neman haƙƙin kamun kifi a kogin kakanninta, a watan Afrilun 2024 kotu ta ƙi. Na san hujjar hukuma, domin irin aikina ce: tun 1888 suke da gidan ƙyanƙyasar kifi a Chitose, suna tare iyaye a kogi su tatsi ƙwai, kuma suna tsoron in an buɗe ƙofa iri ya ƙare. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai waɗanda aka hana ɗin su ne suka zauna da kifin nan ɗaruruwan shekaru bai ƙare ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi. Mu ba wanda ya zo daga wata ƙasa ya hana mu kamun kifi, amma hanyar da muka ɗauka tana iya kai mu inda suke. A 2016 UNESCO ta sa bikin Argungu cikin kayan gadon duniya, muka yi murna. To me baƙo yake gani? A zaunar da shi a rumfa bayan manyan baƙi, a sha jawabai, a harba bindiga, dubban mutane su ruga cikin Matan Fada da homa da gora, bayan kamar awa ɗaya a auna giwan ruwa, a ba da mota, kowa ya kama hanyar Birnin Kabi kafin magariba. Kallo ne da babu irinsa a duniya, ban musa ba. Amma baƙon ya tafi bai san yadda ake saƙa homa ba, bai san dalilin da ya sa ake hana kamun kifi a wurin duk shekara ba, bai ji bambancin aikin Sarkin Ruwa da na Homa, shugaban masunta, ba, bai ci tuwon jar shinkafa da miyar kifi a gidan kowa ba. Masuncin da ya kwana a bakin ruwa ya koma gida da 'yan tarwaɗa, 'yan kwangilar rumfa da abinci su koma da riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Shi kansa ruwan fa? Tun da aka gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka bi da ta Goronyo a kan Rima, ambaliyar da ke cika fadama ta sauya. Kifi kuwa a cikin ciyawar fadama yake hayayyafa in ruwa ya malala. Yanzu ga injinan ban-ruwa na noman rani ko'ina suna zuƙa, ga maganin feshi yana gangarowa. Ina son shinkafar Kebbi kamar kowa, da ita nake ciyar da gidana, amma ba a taɓa zama an raba ruwan nan tsakanin manomi da masunci da makiyayi ba. A 2008 sai da aka ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya, bayan an gano mushen kifi ya shigo da shi daga wani ruwa. An yi ta dariya, ni ban ga abin dariya ba. Bayan na 2009 kuma biki ya tsaya cak sai 2020. In aka ci gaba a haka, wata rana kifin za a sayo a zuba kafin baƙi su iso, Sarkin Ruwa ya zama mai sa kaya a ɗauki hoto.

'Yan'uwanmu na Yawuri sun riga mu ɗanɗana. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 an tashi mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawan da ke zaune a tsibirai. Ana yin Rigata, ana tseren jirage, amma yaran Gungawa nawa ne ke jin harshen iyayensu? Mu Hausawa ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan: a wannan yanki harshenmu ne yake haɗiye ƙanana. A ƙasar Zuru ma, in za a kai baƙo kallon bikin Uhola, Dakarkari ne ya kamata su yi jagora, su faɗi abin da za a nuna da abin da ba na idon baƙo ba, kamar yadda aka hana mu leƙa tagar nan.

Na san za a ce wane yawon daji ana fama da 'yan bindiga. Gaskiya ne. Ba mai hankalin da zai ɗauki baƙo zuwa dutsen Kwatarkwashi ko dazukan Danko-Wasagu a yau, mu ma nan arewacin jihar Lakurawa sun hana mu barci. Amma abin da nake nufi bai buƙatar daji mai nisa, bai kuma buƙatar Bature. Baƙonmu na farko ɗan makarantar sakandare ne daga Birnin Kabi, da ɗalibin jami'a daga Aliero, da ma'aikacin da ya zo hutu daga Abuja da 'ya'yansa waɗanda ba su taɓa shiga kwalekwale ba. A fara daga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarakunan Kabi, a gangara bakin ruwa da sassafe. Dattijon masunci ya shiga gaba, jikansa mai boko ya yi tafinta. A nuna musu gura da mamari da birgi, a nuna kurungu da yauni da bargi da hannu, a faɗi wanda ke zuba ƙwai a wane wata. A tsinko bado. A ƙare a gidan da mata suka yi girki, a biya su kuɗinsu a hannu. Mutum goma sun isa tafiya ɗaya, kowa da rigar ruwa, don mun gaji da jana'izar haɗarin jirgi.

Kuɗin jagora kuwa kada ya bi ta ofis. Masunta su yi ƙungiyarsu a ƙarƙashin masarauta, su yanke farashi, su ware wani kaso na gadin gurabun da aka rufe. Masunci in ya ga rayayyen giwan ruwa yana kawo masa kuɗi duk mako, shi zai fara kama mai gamalin tun kafin ma'aikaci ya iso. A Nibutani na ga masu sassaƙa faranti da masu saƙar attus suna sayar da aikinsu da sunansu a jiki, tun da gwamnati ta sa sana'o'in biyu cikin sana'o'in gargajiya na ƙasa a 2013. Masu saƙar homa da masu gyaran gora namu ba wanda ya san sunansu.

Akwai aiki ɗaya da ba ya jiran kasafin kuɗi. Kayano Shigeru ya shekara da shekaru yana bin tsofaffi da rikoda yana ɗaukar tatsuniyoyi da waƙoƙinsu, da abin da ya tara ake koyar da yara yau. Mu kowane yaro yana da waya a aljihu. Kawuna ya san sunan kowane gurbi daga Argungu har Augie, ya san wanda ke ƙafewa da wanda ba ya ƙafewa, da gidan da ke da haƙƙin kowanne, ya san kirarin da ake yi wa masunci in ya fito da babban kifi. Babu ko ɗaya a rubuce. Ina roƙon Majalisar Masarautar Argungu da malaman Hausa na kwalejojinmu su tura ɗalibai su ɗauko wannan kafin bikin gaba, musamman maganar wane gida ke da wane ruwa, domin ranar da mai kuɗi zai zo da takardar haya daga ofis, ita ce kaɗai hujjar da masunta za su riƙe a gaban alƙali.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin sashen kamun kifi,
Argungu, Jihar Kebbi.